Busar da Inna Ta Ɗaure

An sare gawon da ke bakin tashar Kore Mairuwa. Na bi ta wurin ranar kasuwa, na tarar da kututture kawai, an jingina babura a jikinsa, ana sayar da fetur a kwalba inda inuwa take a da. Na tsaya na duba. Ban ji baƙin ciki ba, ban ji komai ba. Abin da ya zo mini kawai shi ne, idan ban faɗi abin da aka yi a ƙarƙashin itacen nan ba, babu mai faɗa, domin waɗanda suka sani sun ragu ƙwarai. Zan faɗa bi da bi. Ban yi nisa a karatun lakwal ba, amma mushen da ya koyar da mu ya bar mini abu guda, wato kada a fara magana daga tsakiya.

Da farko, yadda muke a lokacin. Ƙauyenmu yana bayan Kore Mairuwa, hanyar rairayi ce, jaki ke kai mu kasuwa. Abin da kunne ke ji tun safe sananne ne: taɓarya a turmi, ƙarar igiya a bakin rijiya, kukan jaki, hauya tana cin ƙasa. Idan an yi kaka an ɗaure gero an sa a rumbu, sai samari su tafi cin rani, gari ya koma na tsofaffi da mata. Kiɗa akwai shi, amma ba kamar na yanzu ba da kowa ke zuba wa kansa a kunne yana tafiya. A wurinmu kowane kiɗa da mai shi. Mahauta da nasu, maƙera da nasu, manoma da gangarsu ta gayya. Ɗan kokawa yana da takensa, idan aka kaɗa ko yana cin tuwo sai ya miƙe. 'Yan bori kuma kowace iska da nata goge, mai goge ya ja, iskar ta zo ko tana ƙarshen daji. Tsofaffinmu ba sa tambaya ko kiɗa ya yi daɗi. Tambayarsu ita ce, na wa ne? Kuma akwai ƙa'ida. Idan makaɗi ya ba mutum take, ba ya sake kaɗa shi don nishaɗin taro, sai dai don mai shi, ko don kiran mai shi. Ba a sakin take sai mai shi ya mutu, danginsa su ce sun saki.

Na biyu, mai busar. Ba zan faɗi sunansa na yanka ba, Ɗan Kurmi muke kiransa, don ya daɗe a kudu yana dako a bakin teku. Wasu sun dawo da rediyo, wasu da keke, shi ya dawo da ɗan ƙarfe mai tsawon tafin hannu, da ramuka a jere kamar saƙar zuma. Armonika sunanta. Ya ce ma'aikatan jirgin ruwa ne ke kunna faifan baƙaƙen Amirka a tashar da yake aiki, irin kiɗan da suke kira buluz, shi kuma ya zauna yana bi har bakinsa ya fashe. Ya haɗa ƙungiya. Akwai wani kafinta Kirista daga Dogon Dutsi, wanda ya koyi gita a wajen mishan, da wani ɗan mai goge da ke kaɗa ƙwarya. Ranar kasuwa bayan la'asar suke zama a ƙarƙashin gawo, su tashi kafin magariba. Gawo itace ne mai ganye da rani, saboda haka inuwa ba ta yanke musu.

Ban taɓa jin abu irinsa ba. Sarewa tana tafiya a miƙe, algaita tana da girman kai, amma wannan idan ya rufe ta da tafukansa biyu ya ja numfashi, sai muryar ta lanƙwashe ƙasa, ta yi kamar za ta karye, ta dawo. Yakan buɗe hannu ya rufe, ta riƙa magana kamar mutum yana kuka a cikin ɗaki an ja ƙofa. Yana da busa da yawa, masu sauri na rawa, da wata da ke kwaikwayon jirgin ƙasa, mu da ba mu taɓa ganin jirgin ƙasa ba. Amma akwai guda a hankali wadda yake rufe zama da ita. Ita ce gaba da duka. Ya ce kanta kawai ya ɗauko daga faifai, sauran jikin shi ya ƙera a kan hanyarsa ta dawowa gida. Ba ta da suna, ta rufewa muke ce mata.

Mu samarin lokacin mun bi shi gaba ɗaya. Ya karkata hula, muka karkata. Muka riƙa naɗe takarda a kan mataji muna hurawa. Muka koyi fito mai lanƙwasa, tsofaffi suna zaginmu cewa muna kiran abin da ba mu iya kora. Wanda ya ji sabuwar busa ran kasuwa shi zai kai ta ƙauye a bakinsa, ya koya wa sauran a gona, domin babu kaset a lokacin, balle salula. Abin da kunnenka ya riƙe shi ne naka. Yanzu jikokina suna da kiɗan duniya duka a aljihu, na tambayi ɗayansu ya rera mini abin da ya ji jiya, ya ce sai ya duba. Ba na zarginsa. Har yau idan na ji tsoho yana gyaran sirdin jaki yana ɗan gurnani mai lanƙwasa a maƙogwaro, na san ya taɓa zama a ƙarƙashin gawon nan, ko da ban san fuskarsa ba.

Na uku, Yayana. Mu biyu ne maza a wurin Inna, mahaifinmu ya rasu tun ina ƙarami. Yaya ya tafi cin rani tare da sa'o'insa, damina ta zo suka dawo, shi bai dawo ba. Shekarar farko ya aiko da saƙon baki cewa yana lafiya. Daga nan shiru. Wani ya ce ya gan shi yana dako a bakin teku, wani ya ce ya wuce wata ƙasa gaba. Babu wanda ya ce ya ga gawarsa. Saboda haka ba mu yi makoki ba, ba mu yi sadaka ba, ɗakinsa yana nan ana share shi. Ni na karɓi gonarsa ina nomawa, amma gonar Yaya ake kiranta.

Inna tana kai daddawa kasuwa. Ba ta taɓa tsayawa wurin samari ba. Ranar da abin ya faru ta sayar da wuri, ta zo nemana mu tafi, daidai Ɗan Kurmi ya fara ta rufewa. Ta tsaya da ƙwarya a kai. Ba ta motsa ba har ya gama. Sai ta ratsa cikin samari ta je gabansa, ni kuma kunya ta kama ni.

Ta ce, "Ɗana, taken wa na wanga?"

Ya cire hula ya ce, "Ba shi da mai shi, Inna. Busa ce kawai."

"Babu kiɗin da ba shi da mai shi. Daga ina ka ɗauko ta?"

"Daga Kurmi, bakin teku."

"To ta san hanya ke nan," in ji Inna.

Mai gita ya yi dariya ya ce, "Inna, busa ba mota ba ce." Ba ta ko dube shi ba. Inna ba 'yar bori ba ce, amma a gidan gwaggonta 'yar bori ta tashi, ta ga yadda goge ke kiran wanda ba ya nan ya zo. A lissafinta, idan iska tana jin takenta daga daji, ɗan mutum zai ji nasa daga Kurmi, balle busar da daga can ta fito. Kasuwar da ta biyo baya ta sa na ɗora damen gero a kan jaki, ta haɗa da zanen saƙi na aurenta, muka kai gaban Ɗan Kurmi. Ta faɗi sunan Yaya, ta ce a ɗaure masa wannan busa ta zama takensa.

Ɗan Kurmi ya daɗe yana kallon damen. Ya san abin da karɓa ke nufi. Ya ce, "Inna, ni ban ce za ta kawo shi ba."

Ta ce, "Ba kai za ka kawo shi ba. Kai dai ka busa."

Ya karɓa.

Bayan mun juya na ji mai gita yana masa faɗa. "Kai wane irin mutum ne? Busar da ke tara mana 'yan mata ka bayar a kan dame guda? Geron ma maiwa ce, ko jakina sai ya yi shawara." Mai ƙwarya, wanda ya gaji kiɗa, ya ce, "Ya riga ya karɓa, kafinta. A gidanmu wanda ya karɓa ya ɗaure." Mai gita ya ce, "A gidanku. Shi wannan a jirgin ruwa ya koya, ina ruwan jirgi da gidanku?" Ɗan Kurmi ya goge armonika a hannun riga ya sa aljihu. Daga ranar ba a sake rufe zama da ita ba. Samari suka roƙa, suka yi fushi, wasu suka daina gaishe ni, wai tsohuwata ta sace musu busa. Ni kaina na fi kowa sonta, amma uwata ce.

Ga yadda aka riƙa yi bayan haka. Idan bazara ta yi, hadari ya fara haɗuwa a gabas, manyan motoci sukan fara sauke 'yan cin rani a tasha. A ranakun kasuwar wannan lokaci Inna takan shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin gawo, Ɗan Kurmi ya tsaya a gefenta ya busa, shi kaɗai, babu gita babu ƙwarya. Mu kuma mu tsaya nesa kaɗan, ba tafi ba rawa. Mota ta tsaya, mutane su diro da buhunansu da katifu, Inna ta bi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya. Idan mota ta zama fanko sai ta naɗe tabarma ta ce, "Bai ji ba tukuna." Ruwan farko na sauka a daina, kowa ya tafi shuka. Haka shekara ta bi shekara. Na yi aure, na haifi 'ya'ya, na shiga aikin gyaran hanya na fita. Mai gita ya tafi Yamai bai dawo da zama ba. Mai ƙwarya ya ajiye kiɗa bayan ya shiga wa'azi. Kaset ya zo, samari suka koma wurin masu kaset. Ɗan Kurmi ya koma gyaran keke, amma bazara ba ta taɓa wucewa bai zo ba. A ƙarshe masu sauraro ba su wuce mu tsofaffin mabiyansa ba, da gashinmu ya fara fari, muna tsaye kamar masu jiran a raba wani abu.

Sai Inna ta rasu, da kaka, ba ta yi doguwar jinya ba. Bayan an share makoki Ɗan Kurmi ya same ni a ƙofar gida, ya zauna a kan turmi. Ya yi gaisuwa, sannan ya ce, "Ɗan Inna, batun busar nan."

Na ce, "Ka ga gawarsa?"

Ya ce, "Ban gani ba."

Na ce, "Ni ma ban gani ba. Inna ce ta rasu, ba mai take ba."

Ya ce, "Haka ne." Ya tashi ya tafi.

Ƙa'ida ce, kuma shi ma ya san ta. Sai dai ni ban shimfiɗa tabarma a tasha ba, domin ba ni da abin da Inna take da shi a zuciya. Ban kira shi ya busa ba, ban kuma sake shi ba. Busar ta tsaya a tsakani, ba a busa ta don kira, ba a busa ta don daɗi. Idan mun haɗu a kasuwa mukan yi maganar ruwa da farashin wake. Daga baya ƙirjinsa ya fara ciwo, ɗansa ya ɗauke shi ya kai shi Dogon Dutsi, na daina ganinsa. A duk tsawon lokacin nan busar ba ta bar kaina ba. Ina noma tana tafiya, ina alwala tana tafiya, ba ta sa ni kuka ba ta sa ni murna, tana nan kawai kamar ƙarar jini a kunne. Ban taɓa fitar da ita a baki ba, don ba tawa ba ce.

Na ƙarshe, abin da ya faru bana. Ɗan nasa ya zo ƙauyenmu a kan babur. Matashi ne ɗan kasuwa, mai gemu, wandonsa bai kai idon sawu ba, cikin waɗanda ba sa zama inda ake kiɗa. Ya durƙusa ya gaishe ni yadda ya kamata, ya ce, "Baba, tsohona na kiranka. Ban san mi ke tsakaninku ba, amma ya hana mu sakat. Lokotoron asibiti ya ce ƙirjin ba zai gyaru ba." Na sa riga na hau bayansa.

Mun isa bayan azahar. Na same shi a kan tabarma a zaure, an tokare bayansa da matashi, ya rame har ban gane shi ba sai da ya yi magana.

"Ɗan Inna, ka tsufa."

"Kai ka riga ni."

"Na riga ka komai, har tafiya zan riga ka. Zauna."

Na zauna. Ya huta, numfashinsa yana ƙara kamar ana jan guga. Ya ce, "Ba zan yi maka kwana-kwana ba. Na riƙe wa Inna alkawari, na riƙe maka. Duk abin da na busa a duniya na wasu ne, a faifai na ji. Ita kaɗai ce tawa. Ina son in busa ta sau guda ba don kiran kowa ba, kafin in tahi. In ka ce a'a, shi ke nan, ba zan busa ba."

Na san abin da yake roƙo. Ba busa kawai yake roƙo ba. Idan na ce na saki, na ce Yaya ya mutu, da bakina, ni da ban ga gawa ba. Na duba cikin zuciyata in ga ko akwai sauran jira. Na tuna Yaya ya girme ni, ni kuma ga ni da sanda. Na nemi fuskarsa a kaina ban same ta sosai ba. Babu jira a ciki, kuma ban san lokacin da ya ƙare ba.

Na ce, "Na sake ka. Mai take ya riga mu gidan gaskiya."

Ya ce, "Allah shi jiƙan shi." Na ce amin.

Ya juya wurin ɗansa ya ce, "Ɗauko mini abina cikin akwati."

Ɗan ya ce, "Baba, ka san ra'ayina a kan wannan."

"Na sani, malam. Ka faɗa mini har na haddace. Tahi ka ɗauko."

Ya tafi ya kawo ta. Ƙarfen ya yi duhu. Kafin ya miƙa masa sai ya zaro hankicinsa ya goge ta tsaf, ya sa a hannun uban, sannan ya fita ya ja ƙofar zaure, na ji ya zauna a dakali daga waje.

Ɗan Kurmi ya rufe ta da tafukansa ya ja numfashi. Muryar ta fito siririya, amma ita ce. Ya yi farkon, ya lanƙwasa ta inda take lanƙwasa, sai tari ya kama shi. Na ba shi ruwa. Ya sake farawa, ya kai wuri guda, ya tsaya. Wannan karon ba tari ba ne. Ya sauke armonika ya dube ni.

Ya ce, "Daga nan ina ta nufa?"

Na ce, "Kai ka ƙera ta."

Ya ce, "Na daɗe ban bi hanyar ba, Ɗan Inna. Ta ɓace mini."

Ni ban taɓa waƙa a gaban mutum ba, 'ya'yana shaida ne. Na rufe baki na fara da maƙogwaro, daga inda ya tsaya. Na bi ta gaɓa bayan gaɓa, inda take hawa, inda take saukowa, inda take yin shiru kafin ta dawo, ban tsallake komai ba. Ya saurara da ido rufe. Sai ya mayar da ita baki ya biyo ni, ina gaba yana baya, inda numfashi ya gaza masa ni in riƙe har ya kamo. Haka muka kai ƙarshe. Ya ajiye ta a kan ƙirji ya ce, "Ashe doguwa ce haka." Na ce, "Haka take." Sai barci ya ɗauke shi.

Ɗan ya mayar da ni gida bayan mun yi la'asar. Na sauka, na shiga gida, na tarar da matata tana tankaɗe a tsakar gida. Na ce ta jiƙa gero da yawa, gobe za a yi gumbar sadaka, a kuma aika wa liman da dangi.

Ta ajiye rariya ta ce, "Innalillahi. Malam, wa ya rasu?"

Na ce, "Yaya."

Ta dube ni, domin ba ta taɓa ganinsa ba, tun kafin aurenmu ya tafi. Ta ce, "Yaushe?"

Na ce, "Ɗazu, bayan azahar."